Kwana Shida a Gidan Tsamiya

Litinin: Kano zuwa Ɗanbatta

Ƙarfe biyar da rabi, ina idar da sallar asuba, Baba ya kai ni tashar mota. A jakata akwai kayan sawa kala uku, littafin rubutu, ruwan leda na sha, da ƙananan kwalabe sha biyu na gwajin ruwa. Wata ƙungiya mai kula da tsaftar ruwan sha ce ta nemi masu aikin sa-kai, na ba da sunana. Aikin ba wuya, in ji su: ki ɗebi ruwan rijiya ki zuba a kwalba, ki ajiye kwana biyu, in ya yi baƙi, akwai cuta a ciki. Ni kuwa a birni aka haife ni, ban taɓa kwana a ƙauye ba, ban taɓa jan guga ba.

Mota ta cika ƙarfe shida da kwata. A wani shinge a hanya ɗan sanda ya buɗe jakata, ya ɗaga kwalba ɗaya yana tambayar mene ne wannan. Direba ne ya ce ai 'yar makaranta ce, aka sallame mu. Takwas saura muka sauka Ɗanbatta, daga nan na hau acaɓa, minti arba'in muna ratsa gonakin gero da gyaɗa, gida na bin gida, har ƙauyen Gidan Tsamiya.

Masaukina ɗakin Inna Falmata ne, wata tsohuwa mai sayar da ƙuliƙuli, wadda iyayenta suka zo daga Barno tun tana goye. Ta kawo mini ruwa a kwanon sha. Na kai baki kamar na sha, na ajiye. Ta gani, ta ɗauke kwanon.

Talata zuwa Alhamis

Komai tsoro yake ba ni. Inna ta ce in riƙa kakkaɓe takalmi saboda kunama, daga ranar ko tabarma ba na zama sai na ɗaga ta. Tuwon dawa da miyar kuka na ci, amma ruwa sai na leda wanda na zo da shi, ina ɓoyewa a bayan ƙofa in sha. Gaisuwa ma ban iya ba. A tambaye ni gajiya da gida da damina, ni na riga na wuce.

Ranar Alhamis da hantsi na je babbar rijiyar da ke bayan masallaci. Na roƙi wata mata ta ja mini guga, na cika kwalba, na rubuta lamba. Babu wanda ya gaya mini sai an fara gaida mai unguwa, ni ma ban tambaya ba. Matan wurin suka bi ni da kallo.

Juma'a

Ƙarfe tara na safe na ji hayaniya a ƙofar gida. Yara uku sun kwana suna amai da gudawa, cikinsu har da Ummi, 'yar shekara huɗu, 'yar maƙwabcinmu Malam Sale. Magana ta riga ta zagaye gari cewa baƙuwa ta zuba wani abu a rijiya. Na leƙa ta jikin zana, na ga maza sun fi ashirin, wasu da fartanya a kafaɗa.

Inna ta shigo ta ce, "Ɗauki mayafinki ki biyo ni. Kada ki yi kuka a gabansu."

Muka tafi bakin rijiya, mutane na biye da mu. Mai unguwa na zaune a kan kututture. Malam Sale ya tsaya a gabana, idonsa jajir, ya tambaye ni a hankali, "Baiwar Allah, me kika zuba mana?"

Na rantse ɗiba na yi, ban zuba ba. Na nuna kwalbar, ruwan cikinta garau. Sai wata mata ta ce tun da na zo garin ko kurɓa ɗaya ban yi wa ruwansu ba, kowa ya sani. Wurin ya sake rikicewa.

Inna ba ta yi gardama da kowa ba. Ta zura guga ta jawo, ta cika ƙwarya, ta sha rabi, ta miƙo mini. Na yi bisimilla na shanye.

Mai unguwa ya ce a kai yaran asibitin Ɗanbatta yanzu, ni kuma in koma gida gobe har zukata su huce. Ranar ban ƙara fita ba. Duk ƙugin da cikina ya yi sai in ce shi ke nan.

Asabar: komawa

Ƙarfe bakwai Inna ta raka ni bakin hanya da ƙullin ƙuliƙuli. Ba wanda ya amsa gaisuwata. A Ɗanbatta na samu mota ƙarfe takwas da rabi. Mun yi nisa kaɗan na buɗe jaka zan ɗauko waya, sai na ga kwalbar rijiyar masallaci. Ta yi baƙi ƙirin kamar an jiƙa gawayi. Na rufe jakar, na yi ta salati har Kano, ina tuna cewa a wannan lokacin mata na can suna cika tuluna.

Sha ɗaya saura na shiga gida. Baba ya saurari labarin har ƙarshe, ya ce ba inda zan koma, in aika saƙo ta waya. Na kira lambar maƙwabciyar Inna aka haɗa ni da Inna. Ta ce Ummi ta fara buɗe ido, an sa mata ƙarin ruwa. Na gaya mata abin da kwalba ta nuna, na roƙe ta ta sanar da mai unguwa a riƙa tafasa ruwa.

Ta ce, "Zan faɗa, ni ma zan tafasa nawa. Amma maganar waya ba za ta hana kowa jan guga ba, 'yar nan. Sai sun ga kwalbar a hannunki."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Inna Falmata, Allah ya saka mata da alheri. Baba ya daɗe yana juya kwalbar a hannunsa. Da la'asar ya ce in shirya, gobe da asuba tare za mu tafi, shi zai fara yi wa mai unguwa sallama.