Kwana Hamsin da Biyar na Malam Arzika

Malam Arzika mutumin Danchadi ne. Mahaifinsa ya rasu tun yana goye, sai ƙanen mahaifin, Baffa Ɗanbaba, ya rene shi da abin da fadamarsa ta albasa take bayarwa. Na san shi a wata makarantar En'e, wato ta hukumar gargajiya, a ƙasar Bodinga, inda nake hedimasta, shi kuwa yana riƙe da aji uku. Dogo ne, mai ƙarancin magana, kuma ban taɓa ganin malamin da yake jan layi a kan allo ba tare da rula ba ya fito miƙaƙƙe kamar nasa ba.

A zamanin Jihar Arewa, wanda ya shiga kwalejin horon malamai ba ya biyan ko anini. Hukuma ce take ciyar da shi, ta tufatar da shi, ta ba shi littattafai. Amma abin rance ne. Kafin ya shiga sai ya sa hannu a takardar alkawari, wadda muke kira bon, cewa zai koyar shekara biyar bayan ya gama. Idan ya cika, an yafe masa. Idan ya bari kafin lokacin, sai a nemi kuɗin horon gaba ɗaya daga wanda ya tsaya masa. Baffa Ɗanbaba ne ya tsaya wa Arzika. Ya dangwala yatsa a gaban Hakimi, aka rubuta fadamarsa a matsayin jingina.

Arzika ya kama aiki ranar ashirin da biyu ga Janairu, 1958, wadda ta zo daidai da ɗaya ga Rajab, watan da tsofaffi suke azumi. Baffansa bai san Janairu ba. Rajab ya riƙe. Kowace shekara idan watan ya kama sai ya ce, “An ci ɗaya,” har aka ci huɗu. A ta biyar ƙafar tsohon ta lalace da kurkunu, ba ya iya tsayawa a bakin rijiya ya ja guga. Saboda haka Arzika ya rubuta takardar barin aiki, ya ce alkawarinsa zai cika ranar ɗaya ga Rajab, zai koma gida ya kama fadama. Takardar ta biyo ta teburina. Na karanta, na yaba da tsabtar rubutun, na sa hannu, na tura Sakkwato. Ban ɗauko kalanda na duba ba, kuma har yau ina jin nauyin wannan.

Ya tafi ranar ashirin da takwas ga Nuwamba, 1962. Shekarar watan sama tana gaza ta boko da kwana goma sha ɗaya, don haka a shekara biyar an sami giɓin kwana hamsin da biyar. Da ya ƙara mako biyu kacal, da hutun Disamba ya cike masa sauran yana zaune a gida.

A watan Mayu wasiƙa ta zo daga ofishin ilimi: Malam Arzika ya karya bon, ana neman fam ɗari da talatin daga mai tsaya masa kafin ƙarshen Agusta, in ba haka ba a sayar da jingina. Washegari Arzika da baffansa suka zo ofishina, tsohon a kan jaki. Na karanta masa wasiƙar, na yi masa bayanin bambancin shekarun.

Baffa Ɗanbaba ya ce, “Malam Babba, tsaya in gane. Wata guda na ga sama, ko akwai wani da ku ’yan boko kuka gani mu ba mu gani?”

Na ce, “Guda ne, Baffa. Ƙidayar ce ta bambanta.”

“To su wanga nasu wata, wa ya gan shi har anka yi shela?”

Arzika ya ce, “Baffa, ba a ganin shi. Rubuta shi aka yi.”

“Madalla. Tun da rubutu na, a gyara rubutu.” Ya juyo gare ni. “Littahin makaranta ga hannunka shike. Ka ƙara mashi wata biyu. Wa za shi sani?”

Na san ina da hannu a kuskuren, kuma alƙalami yana gabana. Arzika ne ya riga ni magana.

“Baffa, yara talatin da takwas sun san ranar da na yi musu sallama. Ni na koya musu rubuta kwanan wata.”

Na ɗauko littafin dokokin aiki, muka duba babin neman yafewa. Mutum uku ne suka cancanta: wanda ya rasu, wanda likita ya shaida ba zai iya aiki ba, da wanda ya dawo ya cike abin da ya rage kafin wa’adin biya ya ƙare. Tsohon ya ce a gwada na biyun, ai yaron yana tari da sanyi. Arzika ya yi murmushi, ya ce a ba shi fom na ukun. Ya cike kwafi uku a tsaye. A gurbin da aka tambayi dalilin barin aiki, ya rubuta: “Na ƙidaya da watan da ba shi ne a takarda ba. Kuskurena ne.”

Na raka shi Sakkwato. Magatakardan ofishin, Malam Husaini, mutum ne mai kirki, amma ba shi da abin da zai ba mu da sauƙi. An riga an cike gurbin Arzika a makarantarmu. Wuri ɗaya ya rage, a Kajiji ta ƙasar Shagari, inda malamin ya kwanta jinya aka rufe ajin. Kuma albashin gurbin yana tafiya ga marar lafiyan, don haka babu ko sule ga wanda zai riƙe.

Malam Husaini ya ce, “Ga damina ta kawo kai, Malam. Gonarka fa?”

Arzika ya ce, “Ranka ya daɗe, gero shekara guda ne. Fadama kuwa tun kakanmu.”

Ya shuka geronsa da ruwan farko, ya yi noman fari rabi da rabi, ya ɗaure tabarma da buta a bayan keke ya tafi Kajiji. Ya buɗe aji ranar uku ga Yuni. Tun da ni na sa hannu a takardar farko, ni aka ɗora wa zuwa in shaida cikar kwanakin.

Wannan karon na ƙidaya a kan kalanda sau uku. Kwana na hamsin da biyar ya faɗo ranar Asabar, ashirin da bakwai ga Yuli. Na hau mota zuwa Shagari, na ari keke, na isa Kajiji da hantsi ana yayyafi. Ajin ɗaki ɗaya ne na jinka, yana yoyo ta kusurwa biyu. Ya tattara yaran a tsakiya, ya jingina allo a jikin ginshiƙi, yana koya musu rabawa da ’ya’yan goriba. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mai unguwa ya gaya mini iyayen yara ne suke kai masa tuwo bi da bi, makiyaya kuma suna ajiye masa nono a ƙofa, kuma bai taɓa tambayar kowa komai ba.

Da aka tashi na fito da takardar shaida na ce, “Malam, barka. Yau ka cika.”

Ya buɗe rajista ya juyo mini da ita. Ya ce, “Arba’in ne, Malam Babba.”

“Hamsin da biyar. Doka kwanakin kalanda take nufi, har da Juma’a da Lahadi.”

“Na sani. Amma Juma’a da Lahadi ban tsaya gaban kowa ba. A fom na rubuta zan koyar kwana hamsin da biyar.”

Na tuna masa cewa mako uku ne zai ƙara, cewa takardar tana bukatar hatimin Hakimi kafin ta isa Sakkwato, cewa in hanya ta yanke da ruwa wa’adi zai wuce a sayar da fadamar. Na gaya masa kuma na bi ta gonarsa, ciyawa ta kusa shanye geron.

Ya ce, “Wancan karon na yi kuskure ta wajen da ya yi mini daɗi. In zan sake yin wani, gara ya faɗa wajen yaran nan.”

Na mayar da takardar aljihu. Shekara talatin da huɗu na yi a aikin koyarwa, na yi aiki da masu manyan takardu, amma a wannan ɗaki mai yoyo ne kaɗai na ji ya kamata in miƙe tsaye idan malami yana magana.

Ya gama ranar goma sha bakwai ga Agusta. Na koma na sa hannu. Abin da na ji tsoro ya faru: ruwa ya cinye wani kwalbati, motoci suka tsaya kwana da kwanaki. Arzika ya naɗe takardun a cikin fatar akuya, ya sami hatimi a Shagari, ya tura kekensa ta cikin laka, inda ta ƙi tafiya ya ɗauke ta a kafaɗa. Ya miƙa fom ɗin ga Malam Husaini saura kwana huɗu wa’adi ya cika.

Geronsa dami tara ya bayar a gonar da take ba da arba’in. Shekarar nan sai da matarsa Safinatu ta sayar da awakinta biyu suka sayi hatsi.

Amsa ta iso a farkon Oktoba, na kai ta Danchadi da kaina. Na same su a fadama, Arzika yana gyaran kwami, inda ake yayyafa irin albasa, tsohon yana zaune a kan kunya ya miƙe ƙafarsa. Na karanta: an yafe bashin gaba ɗaya, an saki jingina. Baffa Ɗanbaba ya ɗebi ƙasa a tafin hannunsa, ya murza ta. Sa’an nan ya dubi Arzika ya ce, “To, mi kaka jira? Irin albasa na cikin tulu, je ka ɗauko mu yayyafa kahin rana ta yi.”

Arzika bai sake komawa aji ba. Ya noma fadamar nan shekara ashirin da shida, kuma ’ya’yansa ne suke nomanta yanzu.