Rabin Ƙwaya da Shayin Yaya

Shekara bakwai na yi ina haɗiyar ƙwayar barci. Bayan rasuwar mahaifiyata aka fara rubuta min ita, aka ce in sha na sati biyu. Sati biyun ne ba su ƙare ba. Duk wata sai in hau adaidaita sahu daga Dala in je asibiti, in bi layi, in miƙa kati, wanda na tarar a kan kujera ya kwafi abin da na watan jiya ya rubuta. Wani ma har in fito ban san kalar idonsa ba.

Ƙwayar tana aikinta, har tana wuce inda aka aike ta. Sallar asuba sai rana ta leƙo tsakar gida nake yin ta, kaina kamar an cusa jiƙaƙƙiyar auduga. Na saba da haka, mutanen gidan ma sun saba, har 'yata ta fari ta samu ciki.

Haihuwar fari a gida ake wankanta, kwana arba'in, kuma uwa ce take tashi da asuba ta hura wuta ta dafa ruwa. Ranar wani suna, a gaban mata, yayar maigidana da ke Zaitawa ta ɗauko zancen. Shekara talatin da aurena, Amarya take ce min.

"Amarya ai sai hantsi take tashi. Idan yarinyar nan ta sauka a kawo min ita, kada a je a yi mata wanka da ruwan azahar."

Mata suka yi dariya, ni ma na taya su. 'Yar fari ce, ko sunanta ba na faɗa, balle in buɗe baki a taro in ce ina son ta zo ɗakina. Da na yi wa Alhaji maganar a gefe, ya ce za a duba. A gidanmu idan aka ce za a duba, to Yaya ta riga ta duba. Ya ƙara da maganinsa na kullum, wai in daina tunani, barci zai zo da kansa.

A watan ne na tarar da wata sabuwar likita, yarinya, wadda ta ɗago kai ta dube ni.

"Mama, tun yaushe kike shan wannan?"

Na faɗa mata. Ta ajiye biro. Na ce ni yau ma zan bari, saura wata huɗu 'yata ta haihu. Ta ce kul, abin da jiki ya saba da shi shekara bakwai ba a yanke shi rana ɗaya. Rabi zan koma sha, in dawo ta gan ni, in ta ga dama a koma kwata. Ban da shayi da goro daga azahar, ban da kwanciyar rana, kuma ko na yi barci ko ban yi ba in tashi da asuba in taka ƙafa. Sannan in samu littafi in riƙa rubuta abin da na ci, abin da na sha, da awa nawa na runtsa.

"Akwai mai rubuta miki?"

Na ce mata ina da shekara arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma ni na zo ta biyu.

Kuskurena shi ne na gaya wa Alhaji. Shi ya gaya wa Yaya an rage min magani. Kafin zancen ya zagayo daga Zaitawa ya zama Amarya tana kwance, asibiti ma sun cire hannu. Washegari aka fara zuwa dubiya.

Kowacce ta shigo da maganinta a gefen mayafi. Mai jiƙo, mai turaren hayaƙi, mai man da ake shafawa a tafin ƙafa. Wata maƙwabciya ta gama yi min addu'a mai tsawo, sannan ta rage murya ta ce rabin da nake ragewa fa, ina nake kai shi, don ita ma kwana biyu sai a hankali. Duk wadda ta same ni a tsaye sai ta ƙwace tsintsiya ta ce in kwanta in rama na jiya. Haka zan miƙe a kan katifa tun azahar, su zagaye ni suna hirar waɗanda rashin barci ya haukata.

Yaya kuwa da butarta ta zo. Dangin Alhaji fatake ne da suka ƙetaro hamada tun kakanni, kuma abin da ya rage musu na gadon shi ne hanci da shayi. A wurinsu babu ciwon da shayi bai yi wa magani, daga mura har mutuwar aure. Kullum bayan magariba sai ta zauna a tabarmata ta hura gawayi, ta dafa shi ya yi baƙi, ta tsiyaya daga sama har ya yi kumfa. Kofi uku, ɗaya bayan ɗaya, da ɓarin goro don gyara baki.

"Shanye, Amarya. Wannan kakanmu yake sha ya yi barci a kan raƙumi."

Ban tambaye ta ko ya taɓa faɗowa ba. Na shanye. Babba ta taso daga unguwarsu ta dafa abu da hannunta, da wane baki zan ce na ƙoshi? Da safe in ɗauki littafi in rubuta gaskiya, tunda malamar ajinmu ba ta koya mana rubuta ƙarya ba.

Bayan sati uku na koma asibiti idanuna kamar garwashi. Likita ta buɗe littafin tana karantawa a fili. Shayi uku, goro, kwanciya daga azahar zuwa la'asar, barci awa biyu. Ta juya shafi, haka. Ta sake juyawa.

"Mama, wa yake ba ki shayin nan?"

"Yayar maigidana."

"Ki ce mata an hana ki."

"Likita, ke ba ki da dangin miji ne?"

Ta yi dariya har da rufe fuska da littafina. Ta ce tana da su, ita ma duk abin da suka miƙo shanyewa take. Sai dai ita ba ta da ruwan jego da za ta dafa nan da wata uku.

Da yammar ranar Yaya ta miƙo kofin farko. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, na ce likita ta hana.

"Wace likitar? Yarinyar da aka yaye jiya? Amarya, ni za ki mayar wa da hannu?"

"Wane ni, Yaya. Ai ba zai koma ba. Alhaji zai shanye min, albarkar duk gida ɗaya za ta zauna."

Na ajiye kofin a gabansa. Ya dubi yayarsa, ya dube ni, ya ɗauka. Kofi shida ya sha ran nan, nasa da nawa. Kwana huɗu aka yi a haka. A rana ta biyar ya fito da safe yana dafe bango, ya ce shi bai san abin da yake damunsa ba, ko runtsawa ba ya yi. Na zuba masa koko na ce ya daina tunani.

Shi da kansa ya je Zaitawa ya ce wa Yaya ta huta haka, ɗawainiyar ta yi yawa. Ta yi fushi ta aiko aka ɗauki butarta. Da ta daina zuwa, sauran ma suka gane na warke.

Ba zan ce barci ya dawo da daɗi ba. Akwai makwannin da na riƙa kallon rabin da na rage kamar mai azumi da tulu. Amma ina tashi, in yi salla a kan lokaci, in zaga gindin dutsen Dala in dawo kafin masu ƙosai su gama hura wuta. A hankali awa biyu ta zama huɗu a littafin, wani lokaci biyar. Likita ta mai da ni kwata. Har yau a kwatar nake, ta ce ba sauri muke ba.

Da 'yata ta sauka, Alhaji ya ce a kawo ta gida tukuna a gani. A kwana na uku, ana idar da sallar asuba, na ji tsayuwar adaidaita a ƙofar gida. Yaya ce, ta zo da wata tsohuwa don ta zama shaida. Suka shigo ba su ko ɗaga murya wajen sallama ba, suka same ni a tsugune gaban tukunya, ruwa yana tafasa, mai jego tana jira a kan kujera 'yar tsuguno.

Yaya ta daɗe a tsaye. Ta leƙa tukunyar ta ce ganyen darbejiyar ya yi kaɗan. Na ce gaskiya ne, na ƙara reshe ɗaya. Yarinyar ta yi arba'in ɗinta a ɗakina.