Yadda Muka Kawo Ciwon Shanu Jos a Cikin Fulas

Mun tashi da asuba daga Gada Biyu a Jos, ana yayyafi, mu uku a Landurobar ma'aikata: ni malamin dabbobi, da oganmu likita, da direba. Abin da ya fitar da mu saƙo ne daga wata ruga can gangaren dutse, cewa ciwon baki da kofato, wanda makiyaya ke kira boru, ya faɗa wa garke, 'yan maruƙa suna ta mutuwa, alhali an yi wa shanun rigakafi bara.

Titin Bauchi lafiya lau, kwalta sumul. Ko'ina ka duba takardun jam'iyyu ne manne a jikin itatuwa, don kowa na ɗokin soja su miƙa mulki. Mun tsaya mun karya da ƙosai da kunun gyaɗa wajen wata mata, direba kuwa ya cika bayan mota da dankali, wai arahar ta yi yawa a wuce ta. Da muka saki kwalta sai hanya ta zama jan taɓo. Muka haye wata tsohuwar gadar ƙarfe a kan wani rafi tana ƙara ƙarƙashinmu, muka isa rugar da hantsi.

Ardon rugar dattijo ne dogo. Bai bari mun zauna ba sai da ya kai mu wajen shanun. Miyau na zuba daga bakinsu kamar igiya, wasu sun kasa tsayuwa. Ya dubi oga ya ce, "Likita, allurarku ta bara ruwa ce?"

Oga ya ce, "Ba ruwa ba ce, Ardo. Ciwon nan sunansa ɗaya, amma ƙwayarsa iri-iri ce, kamar yadda kake da bunaji kake da rahaji, duk kuwa shanu ne. Turawa na ce wa kowane iri sitiren. Allurar bara ta wani irin ce. Sai mun san wanda ya shigo muku kafin mu kare sauran rugage."

Muka kayar da saniya uku, na yanko fatar ƙurajen harshensu, na sa a kwalabe, na jera cikin babban fulas mai ƙanƙara. Sharaɗin shi ne su isa ɗakin gwaji a Jos da sanyinsu. Idan ƙanƙara ta narke, aikin ya tashi a banza. Matar Ardo ta damo mana fura da nono mai kauri, muka sha a tsaye, muka juyo.

Da azahar muka dawo gadar, muka tarar an gitta mata ganguna. Wata babbar mota shaƙe da siminti ta haye bayanmu, tsakiyar gadar ta lotsa. Injiniyan da aka turo, mutumin Anguwan Rukuba ne, yana kwance ƙarƙashin ƙarafan da abin awo a hannu. Oga ya roƙe shi, ya nuna masa fulas. Injiniyan ya fito yana share hannu ya ce, "Oga, ka yi haƙuri. Ƙarfe in ka ɗora mashi kaya yana miƙewa kaɗan, in ka sauke ya koma. Wannan miƙewa shi ne sitiren. To wannan ya miƙe bai koma ba. Mota ba zai hau ba."

Direba ya ce, "Af! Ciwon shanun ne ya kama gada?" Duk da halin da muke ciki sai da muka yi dariya.

Da ƙafa ma injiniya bai yarda a bi ta kai ba, don katakan sun zame. Zagaye kuwa sai an kwana a hanya. Na girgiza fulas na ji ruwa ya fara motsi a ciki. Na tuna maruƙan da na gani a yashe bayan ruga, sai na cire takalmi, na naɗe wando, na ɗora fulas a ka. Masu wanke kuza a bakin rafin suka nuna mini mashigi, biyu daga cikinsu suka sa ni a tsakiya. Ruwan ya kai mini ƙirji, ga sanyi. Dab da gaɓa ƙafata ta zame a kan dutse, na ji wani abu ya tsinke mini a bayan cinya kamar an ɗana mini bulala. Na durƙusa, amma hannuna bai saki fulas ba. Suka ciccibe ni zuwa tudu, mutanen da ke tsallake suna ta tafi.

Wata motar kayan gwari mai komawa Jos ta ɗauke ni, ina zaune kan buhun kabeji, fulas a cinya. Kafin la'asar sakaliya na miƙa shi a ɗakin gwaji. Ma'aikacin ya buɗe, ya ɗaga guntun ƙanƙara da bai fi goro ba, ya ce, "Malam, ka iso a kan kari."

Daga nan aka wuce da ni asibiti. Sistar da ta duba ni ta lallatsa cinyar ta ce ba karaya ba ce, ba kuma targaɗe ba, tsoka ce aka ja fiye da ƙima har zarenta ya ɗan yage. Ta rubuta a kati, na leƙa, sai ga sitiren karo na uku a wuni ɗaya. Na kwashe da dariya har ta tambaya ko na bugu a kai ne.

Sati biyu na yi a gida, uwargida na gasa mini ƙafa da ruwan ɗumi. Ina kwance oga ya zo da albishir: an gane irin ƙwayar, baƙuwa ce a yankinmu, an samo allurar da ta dace, an bi rugagen da ke kewaye ɗaya bayan ɗaya. Ciwon bai tsallaka ko'ina ba.

Abin da na koyo a tafiyar nan, idan masani ya faɗi kalma, ka tambaye shi me yake nufi da ita a sana'arsa kafin ka gyaɗa kai. Na kuma ga aikin da boko bai iya ba sai da taimakon masu wanke kuza. Jiya na koma ofis ina ɗingishi, abokan aiki suka miƙe tsaye suna yi mini barka.