Mangwaron Bayan Shingen Rabo

A cikin masu garkar albasa na fadamar Madawa babu wanda bai san Rabo ba. Dogon mutum ne, siriri, maganarsa ba ta wuce gaisuwa da amin. Tun yana jan ruwa da wasaki, gugan fata, har anka shigo da inji, ba a taɓa jin an yi ka-ce-na-ce da shi a kan iyaka ba. Aibi guda maƙwabta ke faɗi nasa: kwatarsa ta gabas kullum tana yoyo. Wanda ya gyara fangali ɗari sumul, ya kasa toshe rami guda! Ruwan kan bi ta ƙarƙashin shinge ya kwanta a gindin wani mangwaro da ke tsaye shi kaɗai a kan tsakuwa.

Kaɗan ne sunka san asalin iccen. Ɗiyarsa ta fari, Mardiya, ita ta binne ƙwallon tana da shekara bakwai, ranar da ta biyo uwarta kawo abinci. Ba ta kai tara ba sanƙarau ya ɗauke ta. Ɗiyar fari kuwa kunyarta ake ji. Rabo bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba, ranar jana'iza ma ko hawaye bai bari an gani ba. Da sati ya zagayo sai ya sa yatsa ya huda kwata. Shekara ashirin da shida ke nan ramin na nan. Matarsa Zaliha ta sani, ba ta taɓa tanka masa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Ana haka ruwan ƙasa ya yi ta gudu. Rijiyoyi sunka ƙafe, garake sunka koma shan foraj guda, rijiyar burtsatse, tare da unguwannin gefen gari. Mata kan yini a layin famfo da bidodinsu, jarkokin ɗibar ruwa. Sai ga ɗansa Mu'awiya, wanda anka haifa bayan rasuwar yarinyar, ya dawo daga karatu a Yamai ya kama aiki da masu sabon tsarin ruwa. Sunka kafa farantan hasken rana, sunka shimfiɗa siraran tiyo masu ɗiga a gindin kowace shuka, sunka binne wasu 'yan ƙarafa masu jin danshin ƙasa. Ƙarafan su aika saƙo ta intanet, ruwa ya buɗe kansa, ya rufe kansa. Kowace garka da rabonta, sauran na gari ne.

Rabo bai ƙi ba. Ya ga layin matan da idonsa.

Mu'awiya ya nuna masa fuskar wayar salula yana dariya. "Baba, kun ga jan layin ga? Shi na yoyonku. Tun ina rarrafe nike jin ana yi muku ba'a da shi. Yau dai na rufe bakin mutane."

Ya riga ya cike kwatar da ƙasa, ya daddanne. Rabo ya dubi wurin, ya daɗe. To ta yaya uba zai buɗe baki ya ce wa ɗansa saboda yayarka ce?

"Allah shi yi maka albarka," in ji shi.

Daga ranar Rabo ya shiga ɗauko wa iccen ruwa daga gida. Bido guda na alwalarsa da wankansa, ya ɗora a kafaɗa, tafiyar da ta fi rabin awa, ga gwiwa ta lalace. Ruwan garka kuwa bai taɓa ba, ya ce an riga an raba, wanda ya ɗiba ya ɗebi na marayu. To ina bido guda zai kai icce mai shekaru a tsakiyar bazara? Saiwoyinsa sun saba da ruwan sama-sama, ba su taɓa nitsawa neman na ƙasa ba. Ganye ya fara naɗewa, huda ta zube ba ta ƙulla ba. Albasa kuwa ta yi kyan da ba ta taɓa yi ba, har masu kamiyo, manyan motocin kaya, sunka riƙa tambayar ta wa ce.

Cima, yayar Rabo, ce ta gane, ranar da ta zo gaisuwa daga Urno ta tarar da shi ya rame yana ɗingishi. Ta bi sawunsa har bayan shinge. Daga nan ta wuce wurin Mu'awiya.

"Kai, mai salula! Ƙarfenka na jin ƙishin albasa, bai jin na tsohonka?"

"Gwaggo, mi ya faru?"

"Iccen Mardiya na ka kashe."

"Wace Mardiya?"

Cima ta riƙe haɓa. Sai lokacin ta tuna ko a gidan ba a ambaton sunan, yaron ya san dai an yi wata kafin shi. Ta zaunar da shi ta faɗa masa.

Mu'awiya bai ko sa takalmi daidai ba ya hau babur. Ya ja tiyo da hannunsa har gindin iccen, ya latsa salula, ruwa ya taho. Ya zauna nan yana kuka kamar ƙaramin yaro. Rabo ya iso a hankali, ya sa farce ya kankare ɓawon reshe. Ciki busasshe ne, launin ƙasa. Ya kankare gindi, haka.

"Rufe shi, Mu'awiya. Mata na jira."

"Baba, don mi ba ku gaya mini ba? Kalma guda!"

"Ba ka yi laifi ba. Rufe."

Ya rufe.

Bayan sallar Juma'a Rabo ya ari gatari, ya hana kowa taimaka masa. Kwana uku yana sara. Masu tuyar ƙosai sunka zo neman iccen, ya ba su haƙuri. Ya daddatse rassan kamu biyu-biyu, daidai yadda ake jerawa a bakin kabari kafin a tura ƙasa, ya loda a amalanken jaki ya kai maƙabarta, ya jingine a jikin katanga don duk wanda kwanansa ya ƙare.

Har yanzu yana zuwa garka da safe. Ya gaida masu aiki, ya zauna ta yamma, ya juya wa shingen gabas baya. Allah ya ba shi ladan haƙuri.