Mai Gidan da Ya Yi wa Iya Wanka

Da aka kawo ni Jos daga Kano, abu biyu ne suka fara ba ni mamaki. Na farko sanyi. Na biyu, yadda mai dankali a kasuwa za ta dube ni, da mayafina da lallena, ta ce, "Ka zo ka saya, amarya." Ranar farko sai da na waiwaya in ga wane namiji ne a bayana. Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce a garin nan kowa na jin Hausa, amma ba kowa ne ya damu da raba "ya" da "ta" ba, sannu a hankali zan saba.

Abin da na kasa sabawa da shi shi ne shirun gidanmu. A unguwar Gangare muke, wani tsohon gida mai ɗakuna a jere, ni da maigidana da mahaifiyarsa Hajiya. Kafin aurenmu ɗanta na fari, direban tirela, ya rasu a hatsari a Hawan Kibo. Tun daga ranar, ban da zuwa asibiti sau ɗaya, Hajiya ba ta sake taka zaure ba. Ba biki, ba suna, ba dubiya. An ce da can ko haihuwa aka yi a layin ita ake fara bugo wa ƙofa, amma ni ban riski wannan matar ba. Wadda na tarar tana zaune ne kan darduma, ba ta kuka, ba ta faɗa, in an kai mata abinci ta yi loma biyu ta ture kwanon. Zaninta kullum ƙara zagaye ta yake yi. An kai ta asibiti, aka ce ban da ɗan hawan jini ba a ga komai ba. Wata rana maigidana yana ɗaura takalmi zai fita shago, ya ce da ni ba tare da ya ɗago kai ba, "Tsorona kada ta bi Yaya." Ni ma tsoron da ke raina ke nan.

Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Na kwashe labaran Kano kaf na juye mata, na kunna mata rediyo, na sa aka aiko mini da dambun nama daga gida. Iyakar abin da nake samu shi ne, "Sannu, 'yar Kano." Wani lokaci haushi ya kama ni in koma ɗaki in yi ta buga kwanuka, sannan in ji kunyar kaina.

Maƙwabciyarmu ce ta ja ni zuwa wani zama da mata ke yi wata-wata, ranar Asabar, a ajin wata firamare a Nasarawa Gwom. Na ɗauka wa'azi ne ko koyon sabulu. Da muka shiga na ga masu hijabi da masu gwaggwaro a benci ɗaya, Hausawa da Yarabawa da Birom, ga wata tsohuwar lasifika an kafa a taga. Mai jan zaman tsohuwar ungozoma ce, gajera, mai murya kamar ta namiji. Doka biyu gare su. Ba a kama sunan kowa a cikin labari. Sannan duk wadda ta riƙe makirufo, ungozoma za ta yi mata tambaya ɗaya: "Yaya kika yi?"

Tambayar ce ta kama ni. Ba sa tambayar me ya same ki, don wannan duk unguwa ta sani. Ni a inda na tashi, in abu ya sami mutum sai a ce masa ya yi haƙuri, kuma ban taɓa jin wanda ya tsaya ya bayyana yadda ake yin haƙurin ba, da safe ake farawa ko da yamma, a tsaye ko a zaune. Ga mata nan kuwa suna faɗa dalla-dalla. Wata da aka yanke wa ƙafa saboda ciwon suga ta nuna mana yadda take daka a zaune, da turmin a tsakanin cinyoyinta. Wata da shagonta ya ƙone lokacin rikici ta ce ita ta yanka wa kanta lokacin kuka ne, daga azahar zuwa la'asar, sauran yinin na 'ya'yanta ne. Na riƙa kwaso waɗannan ina kai wa Hajiya da zafinsu. Ta saurara, ta ja carbi, ta ce Allah ya kyauta.

A zuwana na uku wata dattijuwa Bayarabiya ta tashi. Iya mai alala ake ce mata, don sana'arta ke nan. Ƙatuwa ce, ga fara'a, ta riƙe makirufo kamar muciya. Ungozoma ta ce, "Iya, yaya kika yi?"

"Ni ban yi komai ba o," in ji Iya. "Mijina ya mutu, yarona yana shan nono, ba ni da kowa a Jos. Na kwanta, na juya fuska a bango, na ce shi ke nan, finish. Mai gidan da muna haya, shi ya yi. Ya shigo ɗakina ba sallama. Ya ɗaga ni kamar buhu, ya kai ni bayi, ya yi mini wanka da ruwan zafi. Kullum da safe, kunun gyaɗa. In na ce ba na sha, ya zauna a kan ƙafana sai na sha. Wata da watanni a ɗakina yana kwana. Wata rana ya sa mini tire a kai, ya ce oya, je ka sayar. Har yau ina sayar."

Na dubi dama, na dubi hagu. Mata na gyaɗa kai, wasu na share hawaye da bakin mayafi. Ni kuwa salati nake yi a zuci. Mace tana cikin takaba, ƙato ya shiga ɗakinta ya yi mata wanka, ya kwana, kuma ta zo ta faɗa a lasifika ana jinjina masa? Na taɓa maƙwabciyata na ce, "Wane ne wannan mutumin?" Ta ce, "Ba a kama suna," ta juya. Duk "ka zo ka saya" da na sha a kasuwa bai faɗo mini a rai ba. Tun daga "mai gida" na riga na ɗora wa mutumin hula da gemu, kuma har a cikin keke muna dawowa ina ta lissafin ko yana da mata, in yana da ita ina take lokacin.

Ko mayafi ban cire ba na faɗa ɗakin Hajiya. Na ce, "Hajiya, yau na ji abin da ya fi ƙarfina. Mutanen garin nan sai a bar su." Na zayyana mata tiryan-tiryan, har da kwaikwayon muryar Iya. Ina cikin wajen kunun gyaɗa sai na ga carbin ya tsaya.

"Kunun acca ne," in ji Hajiya.

Na ce, "Na'am?"

"Kunun acca ne. Gyaɗa tana tayar mata da zuciya a lokacin. Kuma ban zauna mata a ƙafa ba, riƙewa na yi." Ta nuna bango da haɓa. "Ɗakin da kike ajiye gawayi, nan suka zauna."

Na ce, "Hajiya, ke ce mai gidan?"

"To da wa kike tsammani? Malam yana Legas da mota a lokacin, ni ke karɓar 'yan haya." Sai ta yi wani ɗan sauti a hanci, wanda ba zan kira shi dariya ba, amma dai ɗan'uwanta ne. "Shekara da shekaru a garin nan, har yau matar nan ba ta iya Hausa ba. Ta mai da ni namiji a gaban jama'a."

Tun da na zo gidan ban taɓa jin ta jera magana mai tsawon wannan ba. Daɗi ya kama ni. Na ce ta ba ni sauran labarin, amma ta riga ta koma kan carbinta, kuma abincin yamma ya dawo kamar yadda ya saba dawowa.

Washegari na nemi inda Iya ke sayar da alala, a bakin wani garejin kanikawa. Na gaishe ta na faɗa mata ko ni wace ce. Ta rungume ni har numfashina ya ɗauke. Ta ce ta je gaisuwa, ta sake komawa ba sau ɗaya ba, kullum sai Hajiya ta aiko a ce tana barci. "Na san wannan barci," in ji ta. "Ni ma na yi shi." Na ce to ta zo ta yi mata irin abin da Hajiya ta yi mata a da mana. Iya ta girgiza kai. Ta ce ita ana iya ɗaga ta kamar buhu, amma Hajiya ba a ɗaga ta, sai dai a tsokane ta ta tashi da kanta. Da na ba ta labarin kunun, sai idonta ya yi haske.

"Ka gaya masa, next month zan sake ba da labari. Kuma gyaɗa zan ce. Zan ƙara cewa kunun ba sukari, kuma ya cika gudaji."

Na isar da saƙon ba ragi. Hajiya ta ci gaba da jan carbinta. Sati ya wuce, wani ya bi bayansa, na fara cewa dabarar Iya ta sha ruwa. Ana gobe zaman ina shara, sai na ji ta daga ɗaki tana cewa, kamar da kanta take magana, "Gudaji. Ni ce zan dama kunu da gudaji." Da safe na tarar ta fito da mayafinta daga akwati ta shanya a igiya don warin kafur ya fita.

Maigidana ya rufe shago ya kai mu a tsohuwar motarsa. A zaure Hajiya ta tsaya ta dafa bango, hasken waje ya sa ta runtse ido, na ce yanzu za ta juya. Ba ta juya ba. Da muka isa, shi ya tsaya a mota a ƙarƙashin taga tunda zaman na mata ne, mu muka shiga. Tsofaffin da suka san ta suka fara miƙewa, ta ɗaga musu hannu su zauna.

Iya ta cika alkawari. Ta ba da labarin tana satar kallon bencinmu, ta ce gyaɗa, ta ce ba sukari, ta ce gudaji kamar duwatsu. Hajiya ta miƙe. Tafiyarta a hankali take, ajin ya yi tsit har ta isa gaba ta karɓe makirufo daga hannun Iya.

"Na farko dai, ni mace ce," in ji ta.

Ajin ya kece da dariya, Iya har da buga cinya.

"Na biyu, acca ce, kuma a tace take. Na uku, ni wanka na yi mata da kunu. Tiren ita ta ɗauka, da ƙafarta ta zaga garin nan, da goyo a bayanta. Kada ta zo nan ta ce ba ta yi komai ba."

Aka yi tafi. Ta miƙa makirufo za ta koma, amma ungozoma ba ta karɓa ba. Ta dube ta, ta sassauta wannan muryar tata, ta ce, "Hajiya, kin riƙe shi ai. Yaya kika yi?"

Ban yi tunanin wannan ba, kuma na ji haushin ungozoma ƙwarai, na ce a raina yanzu za ta ɓata mana duk abin da muka samu. Hajiya ta dubi makirufon da ke hannunta, lasifika tana ɗan ƙugi. Iya ta matso ta tsaya a gefenta, ba ta taɓa ta ba.

"Ban yi ba tukuna," in ji Hajiya. "Ban san ta inda ake farawa ba. Na iya yi wa wani, nawa ne ban iya ba."

Ba wadda ta ce mata ta yi haƙuri. Suka jira.

"Ɗan fari ne," ta ce. "Mu a wajenmu ba a faɗin sunansa, ba a nuna ana sonsa. Tun yana jariri 'kai' nake ce masa, ko 'wannan yaron'. In ya dawo daga tafiya ya durƙusa, sai in kau da kai in ce an sauka lafiya. Da aka kawo shi ma kunya ta hana ni kuka. Ina ta jiran ranar da ya dace, har ya tafi bai taɓa ji a bakina ba."

Sai ta kira sunansa. A hankali ta fara, kamar mai gwada ko bakinta zai iya. Ta sake kira da ƙarfi, irin kiran da uwa ke yi wa yaro daga tsakar gida in abinci ya sauka. A nan kukan ya zo, mai sauti, ta sulale, Iya ta tare ta suka zauna tare a kan siminti. Ni ma kuka nake yi, na tausayi da na murna a haɗe, ban damu da wa ke kallona ba.

Can na tuna ba mu zo da ruwa ba, na fita in ɗauko a mota. Na tarar da maigidana ya kifa kansa a kan sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Lasifikar tana saitin kansa, komai ya ji. Da ya ɗago, fuskarsa jiƙe, sai ya ce, "Ashe haka sunan Yaya yake a bakinta."