Gurmin Da Na Bari a Rataye

Tsufa ya ɗauke mini abubuwa da yawa, wani lokaci har sunan jikana sai na lalubo shi, amma shekarar da agana ta shigo garinmu ba za ta taɓa fita raina ba. Na san da ita za a binne ni. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Mu a ƙauyenmu, can bayan Sukukutane, labarinsa kawai muka ji, geronmu dai muke nomawa, rijiyarmu dai muke ja.

Da bazara cutar ta shigo. Gida biyu ta fara kamawa, kafin kasuwa ta zagayo an binne mutum uku. Mai gari ya tara dattawa, suka yanke cewa a kafa bukkokin kara a bayan tudu, gabas da gari, duk wanda ƙuraje suka feso masa a kai shi can. Wanda ya je ba ya dawowa sai ɓawon jikinsa ya zube. Kayan da suka je kuwa ba sa dawowa ko kaɗan, wuta za a sa musu. Mai jinya kuma dole ya zama wanda ya taɓa yin cutar. Ni na yi ta tun ina ƙarama, zanzanar fuskata ta ishe ni shaida. Shi ya sa ranar da ƙuraje suka fito a goshin mijina, bayan kwana uku yana fama da zazzaɓi da ciwon baya, ba wanda ya ce mini in bi shi. Kowa ya san zan bi shi.

Mijina manomi ne, ba maroƙi ba, amma yana da gurmi da ya gada wurin kawunsa, ɗan ƙaramin ƙoƙo da aka ja wa fata, da sanda da tsirkiya. In ya dawo gona da la'asar, sai ya zauna bakin ɗaki ya yi ta kaɗawa shi kaɗai, ba waƙa. Mutum ne mara yawan magana. Shekara shida muna tare, kuma yawancin abin da na sani na zuciyarsa a gurmin nan na ji shi.

Da safen da za mu tafi, wansa ya zo da jaki don a ɗora shi. Kaya kuwa a kaina za su tafi. Na shimfiɗa zane a tsakar gida ina haɗawa: surfaffen gero, kanwa, tsamiya, ɗan man shanu na shafa wa ƙuraje, tukunya, ƙore biyu, ludayi, tsummoki, tabarma. Ina ɗaurewa sai na ji muryarsa daga ɗaki.

"Ki sa mini gurmina cikin kayan."

Na ce, "Mi za ka yi da shi can, maigida? Jinya za mu, ba biki ba."

"Ba shi da nauyi."

"Kaina ɗaya ne. Kuma ka ji abin da mai gari ya ce, duk abin da ya je can wuta za ta ci. Bar shi nan, in ka warke ka taras da abinka."

Ya ce, "To."

Gaskiya ya faɗa, ba shi da nauyi, bai kai ludayi biyu ba. Kunya ce ta hana ni. Wansa yana tsaye riƙe da igiyar jaki, kuma a gari ana ta cewa cutar ba ta son kiɗa, masu iskoki ma sun faɗa. Na ga kamar in aka gan ni da gurmi a saman kaya za a ce matar nan ba ta san halin da ake ciki ba. Ban da wannan, a can cikin raina na ɗauka in na bar shi rataye a ɗaki, dole mai shi ya dawo ya sauke shi.

Bukka biyar muka taras a bayan tudun, da majinyata huɗu. Tsakaninmu da gari akwai wani babban gawo, shi ne iyaka. Nan dangi suke zuwa su juye mana ruwa a tulunanmu, su ajiye gero, su ja da baya nesa, sai mu yi magana da ɗaga murya. Aikin bai fi ƙarfina ba. In dama kunu, in shafa mai, in kore ƙuda, in juya wanda bai iya juyawa. Abin da ban shirya masa ba shi ne tsawon yini. Daga hantsi zuwa la'asar rana tana dukan karan bukka, ba mai motsi, ba mai magana. Kowa yana kwance yana sauraren nishin maƙwabcinsa, yana auna shi da nasa. Da wata mace a cikinsu ta fara rasuwa muka binne ta, sai na lura sauran sun bar kallon komai sai ƙofar bukkarta. Akwai wani Bafillace makiyayi a cikinsu, ƙaƙƙarfan mutum, daga ranar ya daina karɓar kunu. Ya ce maƙogwaronsa ne, amma ni na ga ba shi kaɗai ba ne.

A kwana na biyar wani tsohon soja na garinmu ya iso da ƙafarsa, irin waɗanda Nasara suka kwasa zuwa yaƙi. Cutar ta kama shi da sauƙi, ƙurajensa a warwatse. Na karɓi jakarsa in ga abin da ya zo da shi, sai na ga ba gero, ba ƙwarya, ba ko tsumma. Ƙullin taba ne kawai, da wani ɗan gwangwani. Na buɗe gwangwanin, sai ga karta, ta yi baƙi ƙirin don tsufa, gefenta duk ya cinye.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, wannan ne guzurinka? Da kowa ya yi irin naka, mi za mu ci nan?"

Ya ce, "Da mun mutu da yunwa, ɗiyata, gaskiyarki. Ki yafe mini, ki san mini naki." Ya zauna a inuwa yana huci, can ya ƙara da cewa, "Na taɓa yin wata biyu cikin rami a ƙasar wasu, muna jiran abin da ba mu san ranarsa ba. Abinci ana ba mu. Waɗanda suka fara lalacewa su ne masu kwanciya su kalli sama."

A raina na ce surutun tsofaffin soja ne. Geronmu ya ci har ya bar wurin, wannan kam ban manta ba.

Washegari da hantsi ya ja tabarmarsa zuwa ƙofar makiyayin, ya baje karta. Ba caca ba ce, ba a sa komai. Ya yi ta nuna masa wannan ta fi wannan, makiyayin yana kallonsa kamar mahaukaci. Kafin azahar sai na ji suna gardama. Tsohon ya kira ni ya ce in kawo kunu, ya tattara kartarsa ya riƙe, ya ce ba wanda zai ƙara taɓa ta sai ya shanye ƙoƙonsa. Makiyayin ya sha, yana sha hawaye na zuba don zafin haɗiya, amma ya shanye. Bayan kwana biyu su huɗu ne a tabarmar, har da wata mata da sai an jingina ta da tulu. A ranar na ji dariya a bayan tudun nan, har na tsorata da jin ta. Ni ma da nake hararar gwangwanin, in na gama aiki sai in tsaya a kansu ina leƙe.

Mijina bai samu wannan ba. Shi cutar ta kama shi da ƙarfi, ƙurajen suka haɗe da juna, suka rufe masa fuska, suka shiga ido. Wata rana da tsakar rana, zafi kamar ya ƙone bukka, ya tambaye ni ko gari ya waye. Na ce ya waye. Tsohon soja ya rarrafo ya zauna kusa da shi, ya sa masa karta uku a hannu, ya ce zai riƙa faɗa masa abin da ke jikinsu. Mijina ya shafa su, ya juya su, ya miƙa masa.

"Duk ɗaya ne a wurina, Baba. Ku yi abinku."

Daga nan ya juya fuskarsa ga karan bukka. Yana jin su a waje suna gardama suna dariya, shi yana cikin duhu da ciwo, ba abin da zai riƙe sai tunaninsa. In na kawo kunu ya kurɓi ludayi ɗaya ya ture. In yi masa hira, hirar ta ƙare, don ni ma ba gwanar magana ba ce, kuma mi zan ba shi labari a wurin da ba abin da ke faruwa sai mutuwa? A kwana na goma sha biyu ina shafa masa mai sai na ga hannunsa na dama a kan ƙirji, yatsun suna motsi a hankali, na hagu kuma yana dannawa a gefen tabarma. Na daɗe ina kallo kafin in gane abin da yake yi. Gurmi yake kaɗawa. Tun "to" ɗin da ya ce mini a gida bai sake ambatarsa ba, ko sau ɗaya.

Na ajiye man na nufi gindin gawo. Na zauna nan cikin rana har la'asar, sai ga wansa da salkar ruwa a kan jaki. Na ɗaga murya na ce, "Yaya, don Allah ka kawo mini gurminsa. Yana rataye bayan ƙofa."

Ya tsaya daga nesa yana kallona. "Gurmi? Ya samu sauƙi ke nan?"

"Bai samu ba. Idonsa ya tafi. Shi ya sa."

"Kin san an hana kiɗa sai cutar ta wuce."

"A gari aka hana, Yaya. Nan ba gari ba ne. Nan cutar ta riga ta ci abin da za ta ci."

Ya sunkuyar da kai, ya ce bari ya yi shawara da dattawa. Washegari ya zo da ruwa, ya ce ba su gama ba, wasu sun yarda wasu sun ƙi. Na koma na ce wa mijina ana kawo masa gurminsa. Ban san ko ya ji ba. Numfashinsa ya riga ya canza.

A rana ta uku da roƙon da na yi, da hantsi, mijina ya cika, kansa a cinyata. Tsohon soja da makiyayin, su da kansu ba su gama warkewa ba, suka haƙa masa kabari a gefen tudu, suna yi suna hutawa. Tsohon ya yi masa salla. Da la'asar na je gindin gawo don ɗaukar ruwa, sai na hango wansa tsaye, rungume da wani abu a naɗe cikin zane. Ya ɗaga shi sama yana nuna mini. Na faɗa masa ƙanensa ya rasu. Ya ajiye shi a ƙasa a hankali, ya ja da baya, ya zauna cikin rairayi ya rufe fuska da rigarsa. Ban ga laifinsa ba, har yau ban gani ba. Shi kwana biyu ya jinkirta, ni kuwa goma sha biyu.

Na ɗauki gurmin na koma da shi, ban san abin da zan yi da shi ba. Makiyayin ya ce a ruga yana ɗan taɓa irinsa, ya karɓa ya ja tsirkiyar ya gwada. Bai iya ba sosai. Da na ji sautin sai na zagaya bayan bukka na toshe baki. Ina can na ji wata sabuwar majinyaciya da aka kawo, ita ma idonta ya kumbura ya rufe, tana ce masa kar ya daina. Bai daina ba. Kullum in rana ta yi tsaka yakan zauna a ƙofarta ya kaɗa mata. Ta rayu, da ido ɗaya.

Na ƙara mako uku a wurin, don ba wata mai jinya sai ni. Daga baya masu yin lambar rigakafi suka zo da mota daga Dogon Dutsi, aka tsaga wa mutanen gari hannu, cutar ta lafa. Ranar da za mu koma aka tara komai tsakiyar bukkoki aka sa wuta. Tsohon soja ya jefa kartarsa da hannunsa, bai ko juya ba. Ni na sa gurmin. Na ji lokacin da fatarsa ta fashe.

Ba na cewa gurmi zai hana shi mutuwa. Agana ta kashe waɗanda suka fi shi ƙarfi, kuma kwanansa ne ya ƙare. Ba na kuma cewa a bar gero a ɗauki abin wasa, don geron da na ɗauko a kaina shi ya riƙe ran mai kartar da kansa. Amma na shirya wa cikin mijina, na shirya wa fatarsa, ban shirya wa zuciyarsa komai ba, ga shi kuwa ya faɗa mini da bakinsa abin da take bukata. Kwanakinsa na ƙarshe ya yi su cikin duhu hannu wofi, kuma ni na sa. Tun daga lokacin, in na ga ana haɗa kayan gudun wata masifa, yunwa ce ko cuta, wani ya miƙo ɗan abin da yake ɗebe masa kewa, aka ce masa ba lokacinsa ba ne, sai in sa baki ko ba a tambaye ni ba. Nakan ce a ɗauki ruwa, a ɗauki hatsi, sannan a nema wa wannan ma wuri, don ba wanda ya san tsawon jiran da ke gaba, kuma mai abin ya fi kowa sanin abin da zai riƙe shi.