Rumfar da Ta Juya wa Katanga Baya

Shekara bakwai ke nan da rasuwar maigidana, Malam Isa, kuma har yau idan aka yi ruwa sai na tattare zanina kafin in tsallaka tsakar gidanmu a Karu. Shi ya jawo mini wannan, Allah ya jiƙansa.

Watan da muka tare a gidan ya kira wani mai walda daga Idu ya yi wa tsohuwar motarsa rumfa. Mutumin ya nuna masa rufi iri uku: mai doro, mai gangare biyu, da mai gangare ɗaya. Malam ya zaɓi mai gangare ɗaya, ya ce a karkata shi zuwa cikin gida. Mai walda ya saki baki. "Oga, ai kowa bayan katanga yake zubar da ruwansa." Malam ya ce ya ji, a yi yadda ya faɗa.

Wallahi na yi mita. Duk damina ruwan kwanon nan a ƙofar kicin ɗina yake sauka. Nakan ce masa, "Baban Bashir, duk karatun naka a nan ya ƙare?" Sai ya yi dariya ya ɗauki tsintsiya ya hau korar ruwa. Mutum ne da ciro magana daga bakinsa sai an sha wuya.

Sai ranar ta'aziyyarsa na ji dalili. Mama Ngozi, maƙwabciyarmu mai suyar ƙosai, ta riƙe hannuna tana kuka. Ashe murhunta a jikin katangar yake ta ɗaya ɓangaren, kuma da ƙosan nan take ciyar da 'ya'ya huɗu. Malam ya leƙa ya gani tun kafin a kafa ƙarfe ko ɗaya. Na ji kunya, na kuma ƙara son mutumin da ba ya nan balle in faɗa masa.

Bana kwanon ya yi tsatsa. Ɗanmu Bashir ya zo da hoton rufi mai doro irin wanda ake yayi a Garki, mai zubar da ruwa hagu da dama. Kyau kam yana da shi. Na san da Malam zai gani, zai yaba, sannan ya tambayi inda ruwan zai sauka.

"Umma, Mama Ngozi fa ta tashi tuntuni," in ji Bashir. "Waɗanda ke gidan yanzu ko sunansu ba mu sani ba."

Na ce, "Ubanka ma bai san sunanta ba ranar da ya zaɓa."

Ana cewa alheri danƙo ne. Malam bai bar mana wata dukiya ba, wannan karkatar ya bari. An sa sabon kwano makon jiya, gangare ɗaya, zuwa ciki. Jiya aka yi ruwa, na fito zan ɗauki tsintsiya na tarar Bashir ya riga ni.